Yadda Za Ka Haɗa Matatar Kwamin Kifi Kafin Uwargida Ta Yi Yaji

Ruwan kwamin kifi ba ya rufa wa mai shi asiri. Ana zuba tarwada, ba a jima ba sai ya koma kore shar, daga nan wari ya fara tarar baƙi tun daga zaure. Ranar da uwargida ta tsaya a ƙofar kicin ta riƙe ƙugu ta ce, "Malam, ko kifin nan ko ni," to magana ta yi nisa. Kada ka bari a kai nan. Duro ɗaya da 'yan tarkacen bayan gida sun isa su kashe wannan wutar.

Fara da sanin wanda kake faɗa da shi. Kowa kashin kifi da ragowar abinci yake zargi, kuma suna da laifinsu, amma babban mugun ba ya ganuwa. Kifi yana fitar da sinadarin amoniya ta wurin numfashinsa da ke gefen kai, dare da rana, kuma dafinta ƙaruwa yake yi idan ruwa ya ɗau zafi, irin na watan Afrilu. Ruwa zai iya yin garau, kifi kuwa yana shan azaba a ciki. Tarwada tana da juriya don tana iya leƙowa sama ta shaƙi iska, shi ya sa ake zaluntarta. Karfasa ba ta da wannan haƙurin, sai dai ka wayi gari ka ga fararen cikuna a sama.

Masu maganin amoniya wasu ƙwayoyin bakteriya ne. Rukunin farko, su Nitrosomonas, suna mayar da ita nitirait, wanda shi ma guba ne da ke hana jinin kifi ɗaukar iska. Rukuni na biyu, su Nitrobacter da Nitrospira, suna mayar da shi nitiret, mai sauƙin illa. Tun wajen 1890 wani masani haifaffen Kiev, Sergei Winogradsky, ya nuna aikin irin waɗannan ƙwayoyi. Ba sa neman albashi, ba sa zuwa yajin aiki, ba sa roƙon goron sallah. Bukatarsu wurin maƙalewa da ruwa mai gudu mai iska. Saboda haka matatar da za ka haɗa gidan haya ce, kai ne mai gida, su ne 'yan haya, kuma aikin da suke yi maka shi ne kuɗin hayar.

Je kasuwa ka nemi shuɗin duron roba mai cin lita 200. Kafin ciniki ka tambaya, "Alhaji, me aka taɓa zubawa a cikinsa?" Idan ya ce, "Haba ranka ya daɗe, ai an wanke shi tas," to bai amsa ba, ka yi masa fatan alheri ka ƙara gaba. Duron da ya taɓa ɗaukar maganin feshi ko wani sinadarin masana'anta ba ya tuba.

Ɗora duron a kan bulo, ya fi bakin kwamin tudu. Bututun da zai kawo ruwan kwamin daga injin tura ruwa ya shiga ta sama ya gangara har gindi, domin ruwan ya taso ta cikin kayan tacewa, ya fita ta wani bututun da ke kusa da baki, ya zubo cikin kwami. Na fita ya fi na shiga faɗi, in ba haka ba duron zai yi ambaliya, kifi su kwana a busasshen siminti. A can ƙasa ka sa famfon zubar da laka. Sannan ga wani ɗan aiki da ake yawan mantawa: huda ƙaramin rami a bututun shiga, a cikin duron, dab da saman ruwa. In babu shi, ana ɗauke wuta bututun zai zuƙe duk dattin da ka tara ya mayar wa kifi abinsu.

A gindin duron kifa kwandon roba, don laka ta sami wurin kwanciya. A kansa ka jera manyan tsakuwa wankakku, sai buhunan albasa masu raga a cukuikuye, sai murafun robar lemo. Tara murafun aikin yara ne. Ka ce kowace roba cike da murafu alewa biyu, kafin la'asar unguwa ta yi fes, har mai unguwa ya sa maka albarka. A sama ka shimfiɗa soson wanka na raga, sabo fil, wanda bai taɓa ganin sabulu ba. Yashi kuwa bar shi ga magina, toshewa yake yi nan da nan. In kana son gawayi, wanke shi har sai ruwan ya daina baƙi, saboda toka tana sa amoniya ta ƙara dafi.

Ina roƙonka da girman Allah, kada ka yanka gidan sauron da aka raba a asibiti ka cusa ciki. Akwai maganin kwari a jikin zarensa, kuma irin wannan magani yana kashe kifi ko da kaɗan ne. Bar shi a kan gadon yara inda aka yi shi dominsa. Duron kuma ka rufe bakinsa, kada sauro ya buɗe makaranta a ciki.

Wajen sayen injin tura ruwa yi lissafi. Kwami mai tsawon mita 2, faɗin mita 1, zurfin mita 1, yana cin lita 2,000. Kana son duk ruwan ya ratsa matata sau ɗaya cikin awa ɗaya zuwa biyu, wato inji mai tura lita 1,000 zuwa 2,000 a awa. Ɗauki wanda ya ɗara, domin lambar da ke jikin kwali ba ta san zai hau tudu ba. Kuma 'yan hayarka da iska suke rayuwa: ruwa ya tsaya sa'o'i masu yawa, su fara mutuwa. Wanda ke da hali ya haɗa da sola da batir. Wanda ba shi da shi, in wuta ta daɗe ba ta dawo ba, ya zubar da ruwan duron a lambu kafin ya sake kunnawa.

Daga nan sai haƙuri. Bakteriyar tana ɗaukar sati 4 zuwa 6 kafin ta cika gidan, a lokacin hunturu ma ta fi haka nawa. Cikin wannan tsakanin rage abinci, kada ka cika kifi, ka riƙa canja wani ɓangare na ruwan. In kana da aboki mai tsohuwar matata, je ka roƙo soso ɗaya mai yauƙi, ka kawo shi a jiƙe. Zai dube ka da mamaki, amma ya ba ka iri mai daraja.

Babban haɗarin da ke gaba shi ne mai tsafta. Wata rana za ka dawo ka tarar da 'yarka ta fito da soso da murafu duka, ta dirje su da garin sabulu, ta shanya a rana, tana murmushi: "Baba, ka ga yadda suka yi haske?" Ka gode mata, don da zuciya ɗaya ta yi, sannan ka zaunar da ita ka yi mata bayani. Wannan yauƙin ruwan ƙasa da ke jikin kayan shi ne dukiyar. Ba a wanke shi da sabulu, ba a wanke shi da ruwan famfo mai kulorin. Ɗebo ruwan kwamin a bokiti, ka ɗauraye rabin kayan sama-sama, sauran rabin sai wani satin.

Nitiret da ya rage kuma abincin tsiro ne, shi ke ciyar da gansakukar da ke mayar da ruwa kore. Yi wa kwamin rumfa, ka jefa kainuwa a wani baho da ruwan zai bi ta ciki kafin ya koma, kana rage ta in ta yi yawa. Kowane sati buɗe famfon ƙasa ka tari baƙar lakar a bokiti, ka kai gindin zogale da alayyafon uwargida. Ranar da aka yi kwaɗon zogale, tabbatar ka faɗa mata daga inda takin ya fito, amma bayan an gama cin abinci.