Wasiƙa Zuwa Ga Ɗan Gwaggo Daga Ƙasar da Ake Biya a Zauna a Yashi

Sabon Zango, Ankara, ƙasar Gana.

Zuwa ga taubashina Ɗan Gwaggo, sarkin musu na zauren Baba.

Ina sanar da kai saƙo ya iso hannuna: yaji ya zo cikakke, daddawa ma haka, amma ƙullin kilishi ya zo da rauni a gefe guda, irin raunin da ba ɓera ke yi ba, sai hannu mai yatsu biyar wanda na san shi tun mai shi yana rarrafe. Maganar gonar fadama na ji, na kuma yarda da abin da Kawu ya yanke. Maganar Auta, Allah Ya sanya alheri. Kuɗin jinka suna wurin direban nan da ka sani. Shago ya zauna, ciniki sai godiya. Na kawar da waɗannan da gaggawa ne domin akwai mas'alar da ta fi su nauyi, wadda nake so ka karanta da ƙarfi a zaure bayan lisha, ka kuma tabbata Liman yana zaune.

Ka sani, ya ɗan'uwana, a wannan ƙasa da ke kwance a gaɓar Bahar Muhiɗi, can gabashin birnin Ankara, akwai wani wuri da ake kira Labadi, inda aka kewaye yashi aka sa masa ƙofa, aka zaunar da mutum a bakin ƙofar da rasit a hannu, ba mai shiga sai ya biya sidi, kuɗin ƙasar. Kuma in ka tambayi abin da za a ba ka bayan ka biya, ko abinci ne, ko magani, ko wa'azi, sai a ce maka babu ko ɗaya, abin da ka saya shi ne izinin zama a kan yashi. Yashi fa nake gaya maka! Irin wanda ya cika ƙoramar bayan garinmu har jakuna na nutsewa, wanda Inna ke sharewa daga tsakar gida safe da yamma tana ja masa Allah ya isa, wanda iskar hunturu ke zuba mana a fura ba mu roƙa ba. Ran Lahadi da ranakun hutu sai ka ga jama'a sun yi dafifi, ma'aikata da attajirai da ɗalibai, kowa da iyalinsa, ga makaɗa, ga masu dawakan haya, ga masu soya kifi da dokunu, ga masu saran kwakwa, an shimfiɗe a ƙasa ana murna kamar an yi gafara. Yara su gina gida da yashi, ruwa ya zo ya rushe, su sake ginawa, uba na tafi. Wani ma abokansa su binne shi har wuya yana dariya, abin da in aka yi wa mutum a garinmu sai an kai magana gaban Alƙali.

Turawa kuwa sun fi kowa ƙwarewa a wannan sana'a, domin su daga Ingila da Jamus suke biyo jirgi takanas, daga ƙasashen da rana ke yi musu rowa wata da watanni, su zo su tuɓe sai ɗan abin da ba a rasa ba, su shafe jiki da mai, su kwanta da tsakar rana, in gefe ɗaya ya yi su juya ɗaya gefen kamar kilishin da aka shanya, alhali kuwa mu tun muna makarantar allo aka koya mana cewa alamar hankali ita ce neman inuwa. Ni dai nakan runtse ido in wuce, amma wallahi ina tausaya musu, don wanda ya ƙetare ƙasashe yana neman rana lalle sanyi ya gwada masa azaba.

To, ga tambayoyina ga Liman, Allah Ya gafarta Malam. Na ɗaya, wannan ciniki bai'i ne ko ijara, tun da mai saye yana tashi ya bar hajar inda ya same ta? Na biyu, yashin da ya maƙale a ƙafa da aljihu da kunne ya bi mutum gida, kyauta ne daga mai wuri ko kuwa gasabu ne da ya wajaba a mayar? Na uku, wadda ta fi ba ni mamaki: ga ƙasa mai tsarki iyakar ganin ido, wadda da a hanyar Agadas take da ta wadaci ayari dubu, amma taimama ba ta inganta a kanta ga mai lafiya, domin ga ruwa nan kwance a gefe wanda ba shi da iyaka, kuma mun karanta a Risala cewa ruwan teku yana tsarkakewa. Ashe akwai wurin da ni'ima biyu za su haɗu har ɗaya ta hana ɗaya aiki.

Saboda haka na yanke shawara, kuma ba na neman musu. Ka tara yara su kewaye ƙoramar nan da kara tun daga tsamiyar mahauta har mashayar shanu, ka sa ƙofa, ka zauna a bakinta, gama Allah Ya hore maka baiwar zama wuri ɗaya tun hantsi har la'asar ba tare da gajiya ba, baiwar da dangi suka daɗe suna neman inda za ta yi amfani. Masu jakai su biya, mata masu tonon ruwa su biya rabi, Gwaggo ta shiga kyauta. In shekara ta kewayo mu fitar da zakka, in mun mutu magada su raba yashi da mudu, namiji biyu mace ɗaya. Abu guda kaɗai ya rage mana, shi ne teku, wannan kuwa na bar maka ka nemo, tun da ka sha gaya mana a zaure cewa ba abin da ya taɓa gagarar ka.

Amma kada dariya ta hana ka jin gaskiya, domin shi tekun kansa abu ne da harshe ba ya iya siffantawa. Ruwa ne da ba a ganin ƙarshensa, yana tasowa raƙumi bayan raƙumi dare da rana da ruri, bai taɓa hutawa ba tun ran da aka halicce shi, kuma duk mai imani in ya tsaya gabansa sai tasbihi ya kuɓuce masa. Yana da ja ta ƙarƙashi mai ɗauke ƙafar gwani, shi ya sa masunta, waɗanda suka fi kowa saninsa, suka fi kowa tsoronsa. Ran Talata ma ba su shiga, bisa al'adar kakanninsu, sai su zauna ƙarƙashin kwakwa suna ɗinkin taru. Yashin da muke wa dariya kuwa shi ne garkuwar garuruwansu, har hukuma ta hana ɗibarsa daga gaɓa don gini, gama a Keta, can wajen iyakar Togo, teku ya cinye gidaje da tituna da babban sashe na ganuwar da mutanen Danmak suka gina a 1784, sai da aka jibge duwatsu aka tare shi. A Ada kuma, inda kogin Bolta ke shiga teku, kunkurun teku mace takan fito da dare a watannin rani, wata ta fi ƙarti uku nauyi, ta tona rami a yashi ta zuba ƙwai wajen ɗari ta rufe ta koma, bayan kamar wata biyu 'ya'yan su fito su nufi ruwa ba mai nuna musu hanya, ma'aikatan gandun daji na gadinsu daga masu kwasa.

Daga yashi sai daji. Arewa da garin Kef Kos da tafiyar kilomita 30 da ɗoriya akwai gandun Kakum, kurmi ne mai duhu wanda in ka ɗaga kai neman ƙarshen itace sai hula ta faɗi. A can, a 1995, aka buɗe gadoji bakwai na igiya da raga da falanki, an ɗaure su daga kan wannan itace zuwa wancan, tsawonsu duka wajen mita 350, tsakaninsu da ƙasa kuwa mita 30 zuwa 40, faɗin wurin taku bai wuce na mutum ɗaya ba, kuma suna lilo. Ba Musulmin da zai sa ƙafa a kai bai tuna Siraɗi ba. Ina shaida maka da alfahari cewa ɗan Kawunka, wato ni, ya ƙetare duka bakwai da babbar riga, yana duban kan itatuwa daga sama, ga tsuntsaye iri fiye da 250, ga malam-buɗe-littafi kala-kala har ido ya gaji. Da kai ne, wanda aka sauko da shi daga kan rumbu da addu'a da alkawarin ƙosai, da har yanzu ma'aikatan wurin suna can suna lallashi. Akwai giwaye a dajin, ƙanana a kan na Yankari, amma suna da kunya, sai dai a nuna maka sawu. Ya kuwa ba ni haushi da na tuna Yankari da Gurara suna ƙasarmu, mun yi ta cewa za mu je, har na bar gida ba mu je ba.

Matsirgar ruwa kuma na ga biyu. Ta Wili, kusa da Hohoe a kan iyakar Togo, ita ce mafi tsawo a ƙasar, ana ratsa kurmi da ƙananan gadoji kafin a kai, ruwa na zubowa daga ƙwanƙolin dutse har feshinsa na jiƙa mutum daga nesa, jemagu dubbai na rataye a jikin dutsen. Ta Boti, kusa da Koforiduwa, ita na fi so ka ji: ana sauka matakala 250, sai ga ruwa biyu gefe da gefe, mutanen wurin suna kiran babban namiji, ƙaramin mace, in damina ta yi ƙarfi feshinsu ya haɗu su ce an ɗaura aure, bakan gizo ya fito shaida. Ka gaya wa Gwaggo, a nan ko ruwa yana aure duk shekara, ɗanta kuwa tun bara waccan yake cewa sai kaka.

Wuri ɗaya ne ban yi dariya ba, ganuwar Elmina, wadda Fotugis suka gina a 1482, Holan suka ƙwace a 1637, Ingilishi suka karɓa a 1872. Na shiga kurkukun da ake tara bayi, na ga 'yar ƙofar da ake fitar da su zuwa jirgi, na kuma san cewa da yawa daga cikinsu daga arewa aka gangaro da su, ta kasuwanni irin su Salaga, inda kakanninmu fatake ke zuwa sayen goron Gwanja. Na yi musu addu'a na fito jikina a sanyaye.

Mu a nan ba mu rasa 'yan'uwa ba. Unguwar da nake Malam Baƙo ne ya kafa ta fiye da shekara ɗari, ana kiran salla, ana Hausa a kasuwa, da safe ga koko da ƙosai, har 'yan ƙasa sun koya. Sai dai duk abin da na gani na mamaki, nakan juya in ce "ka ga!", in tarar ba wanda zai ce ƙarya ne, ba haka ba ne, ni na fi ka sani. Mutanen nan masu kirki ne, kome na faɗa sai su yarda, ni kuwa ban saba ba, kuma ba na jin daɗinsa. Na yi kewar zauren nan ƙwarai, na yi kewar musunka fiye da tuwon Inna, amma kada ka gaya mata.

Don haka ka shirya bayan an kai amfanin gona gida. Kuɗin mota a wuyana, ɗaki akwai, ka zo da katin shaida da na rigakafin shawara don kan iyaka. Maganar kuɗin shara mu bar ta sai mun haɗu, gama na san ba za ka yarda da lissafina ba. Ka gaishe da Baba da Inna da Gwaggo da Kawu, ka durƙusa ka gaishe da Liman ka karɓo mini amsa a rubuce, ka gaishe da yara duka. Kilishi na gaba kuma a ba Auta ta ɗaure.

Wassalam. Ni ne taubashinka, Ɗan Kawu.