Yadin Bakano, Mitar Bazazzagi

A kasuwar Kantin Kwari akwai shagon da ba a rasa dariya duk ranar da wani tsohon malamin kimiyya daga Zariya ya zo sayen shadda. Mai shagon Bakano ne, tsakanin Kanawa da Zage-zagi kuwa wasa ne na gado, don haka tun kafin a gama sallama an fara.

"Bawana, an gaji da fate ne aka shigo birni?"

"Na zo duba talakawana ne. Auna min mita goma, kuma ban yarda da awon Bakano ba."

Mai shago ya ja yadin daga kan hancinsa zuwa ƙarshen yatsunsa, har sau goma, ya ce ga shi, ai da mita da yadi duk tafiyarsu ɗaya. Nan malam ya samu abin da ya zo nema. Yadi inci 36 ne, wato santimita 91.44, kamar yadda Amurka da Ingila da wasu ƙasashen renonta suka amince a 1959. Mita kuwa santimita ɗari ce cif. A yadi ɗaya gibin bai taka kara ya karya ba, amma a goma ya haura santimita 85, ya kusa yadi guda, abin da zai sa tela ya ce hannun riga ba zai fita ba. Turmin atamfa ma da ake cewa yadi shida, bai cika mita biyar da rabi ba.

"To kun ji," in ji Bakanon, yana duban yaran shago. "Tun 1962 aka kafa musu jami'a, abin da suka tsinta a ciki ke nan, ƙirga zare."

Gaskiyar malam ce, amma shi ma mai shagon ba daga sama ya ɗauko nasa ba. Kafin tef ɗin awo ya zo, da jiki ake aunawa: kamu daga gwiwar hannu zuwa yatsa, gaba kuma faɗin hannu biyu in an buɗe su. Najeriya ta koma tsarin mita da lita da kilo a shekarun 1970, zamanin da aka sauya hannun tuƙi a 1972, naira ta maye gurbin fam a 1973, sai dai bakin mutane bai bi doka ba. Har gobe ana cewa Mil Tara a hanyar Katsina, ba wanda zai ce kilomita sha huɗu da rabi. Galan ya fi kowanne rikici: na Ingila lita 4.5 ne da 'yan kai, na Amurka bai cika 3.8 ba, na 'yan bumburutu kuwa lita huɗu, in an yi sa'a.

Malam ya ƙara da labarin kumbon da hukumar NASA ta aika duniyar Mars, wanda ya salwanta a 1999 saboda wasu injiniyoyin sun yi lissafi da awon Ingila, wasu da na mita. Ya rantse akwai Bakano a cikinsu.

Can mai shago ya sassauta murya ya miƙa masa waya. Ya sayi memori mai gigabait 64, ya sa a kwamfutar ɗansa ta nuna 59 da wani abu, tun lokacin yake zargin yaron da ya sayar masa. Irin tambayar da dattijo ba zai yi wa kowa ba ke nan sai abokin wasa, don ko an yi masa dariya ba ta zama raini. Malam ya ce yaron ba shi da laifi: kamfani yana ƙirga dubu-dubu, kwamfuta kuma tana ƙirga 1,024 a kowane mataki, shi ya sa adadin ya sauka.

"Ashe Turawa ma na tauye mudu! Kuma mu ake zagi."

Daga nan ya juya masa. "Tunda ka san komai, tiya ɗaya kilo nawa ce?"

Malam ya buɗe baki ya rufe. Tambayar tarko ce, kuma duk ɗan kasuwar Dawanau ya san haka. Tiya cika take aunawa, ba nauyi ba: ta gero daban, ta shinkafa daban, ta gari ta fi su sauƙi, sannan akwai mai tozo akwai shafaffiya, kwanon wani garin ma bai kai na wani ba. Yaran shago suka tuntsire da dariya, mai shago ya ce a rubuta, yau gurasa ta kayar da fate.

Da tef aka auna shaddar daga ƙarshe, mita goma ba ragi. Wajen canji mai shago ya riƙe naira ɗari biyar, ya ce kuɗin shara ne na bara da bawansa bai biya ba. Malam ya ɗauki hula ɗaya daga kan kanta, ya gwada, ta zauna daidai, ya ce a cire a ciki.