Ni da Ƙwan Zabi

Kajin gidanmu na uwargida ne. Ni nawa sayen dusa, sai kuma mita idan sun yi kashi a kan tabarma. Amma ranar da na ji kuɗin zabo ɗaya ana gobe Sallah, sai na ɗauko biro na hau lissafi. Kafin shayina ya huce har na sayi babur, a takarda.

Da damina ta kankama, ina dawowa daga Zariya motarmu ta tsaya a Kwanar Dangora. Wata yarinya ta miƙo tire ta taga, cike da ƙwan zabi. Na zaɓi manya guda 12, ina ɗaga kowanne sama ina dubawa kamar masani. Har ƙullin yaji ta ƙara min, na ce kai, yaran nan akwai tarbiyya.

Kowa ya san zabuwa ba uwar kirki ba ce, kaza ake ba ƙwanta ta kwanta. Aka yi dace Wake-wake, kazar uwargida, ta fara kwanci ranar. Da dare na lallaɓa akurki na cusa mata nawa a kan nata guda biyar.

"Malam, na kaza kwana 21 ne, na zabi sai 28," in ji uwargida. "Tana ƙyanƙyashe nata za ta tashi ta bar maka naka."

Na ce mata ita dai ta zuba ido.

Kwana 21 cif Wake-wake ta fito tsakar gida da 'yan tsakinta biyar, ko waiwayen dukiyata ba ta yi ba. Na kama ta na mayar, ta tsattsage min hannu. Na kifa mata kwando, ta yi ta kururuwa har maƙwabta suka aiko a ji ko muzuru ne ya shigo.

Sai na karɓi kwancin da kaina. Na naɗe ƙwan a tsohon rawanina, na kunna fitilar ƙwai kusa da su, ina juya su safe da yamma. Mako guda ban je majalisa ba. Yara suka koma kirana Baban Zabi, a ɓoye dai, amma ina ji.

Kwana 30 shiru, sai wani wari da ya kori kowa daga ɗaki. Na toshe hanci na ƙwanƙwasa ɗaya a bakin turmi, ina jiran ruwan baragurbi. Ko ɗigo bai zubo ba. Ɓawon ya ɓare sumul, ga ƙwai a dunƙule, ya yi kore.

Uwargida ta leƙo, ta daɗe tana kallo.

"Malam, da ka saya, ba a haɗo maka da yaji ba?"

Yana nan a aljihun rigata har yanzu.