Masu Zoben da Ke Ƙirga Barci

A ido zobe ne kamar kowane zobe. Sai an leƙa cikinsa ake ganin 'yan fitilu kore da ja suna ƙyaftawa, su ne ke haska fatar yatsa su karanta gudun jini, daga nan a fitar da bugun zuciya da yawan iskar oksijin. Akwai kuma abin auna ɗumin fata da na jin motsi. Ba ya nuna lokaci, ba shi da fuska, duk abin da ya tara manhajar waya yake tura wa. Kamfanin Oura da aka kafa a garin Oulu na ƙasar Finland a 2013 shi ya buɗe kasuwar, Samsung ya shigo da Galaxy Ring a watan Yulin 2024, ga Ultrahuman na Indiya, ga RingConn na ƙasar Sin. Aikin zobban kusan ɗaya ne, masu sayensu ne kowa da tasa.

Akwai ɗan yayi. Shi dai ya ji an ga Yarima Harry da zoben Oura a Ostireliya a 2018, an kuma raba wa 'yan ƙwallon kwando na NBA irinsa lokacin korona a 2020, shi ke nan magana ta ƙare. Tun da ya sa zoben ya koma magana da hannu. Kofin shayi ma da yatsa a miƙe yake ɗaukarsa, in ba a tanka ba ya gyara hula sau uku. Babban baƙin cikinsa shi ne bai samu wanda Gucci da Oura suka haɗa a 2022 a kan dala 950 ba. Batirin nasa ya mutu tun kafin Sallah, bai ma sani ba.

Wanda ya fi ban tausayi shi ne bawan maki. Manhajar Oura kan ba barcin mutum maki cikin 100, daga 85 zuwa sama an yi barci mai kyau, ƙasa da 70 kuwa bai kai yadda ake so ba. Wannan bawan Allah ya miƙa wa lambar nan ragamar safiyarsa. Uwargida ta shigo da fara'a ta ce, "Baban Amira, an tashi lafiya?" Sai ya ɗaga mata hannu, ido na kan waya, ya ce, "Tsaya tukuna, bai gama haɗawa ba." In 88 ta fito, har 'yar waƙa ake ji a banɗaki. In 64 ce, mutumin da ya farka garau sai ya fara hamma, ya dafe goshi, ya ce dama tun da ya buɗe ido ya ji jikin ba daidai ba. Sauro ya zama abokin gaba, an ɗauke wuta fanka ta tsaya an ci masa maki, jaririya ta yi kuka da ƙarfe biyu an ci masa maki. Dare na yi sai ya kwanta yana lissafin yadda zai samu barci mai nauyi, lissafin kuma ya hana shi barcin. Likitoci sun san irinsa: a 2017 mai bincike Kelly Baron da abokan aikinta a Amurka sun yi rubutu a wata mujallar likitancin barci a kan marasa lafiyan da neman cikakken maki a na'ura ya ƙara dagula musu dare. Abin da bai sani ba shi ne zoben ba ya karanta ƙwaƙwalwa. A asibiti wayoyi ake manna wa mutum a ka kafin a ce ga barci mai nauyi ga na mafarki, zobe kuwa hasashe yake daga motsi da bugun zuciya. Yakan yi ƙoƙari wajen faɗin tsawon barci, wajen rarrabe matakansa kuwa yakan yi tuntuɓe.

Mai gaggawa labarinsa gajere ne. Kamfanonin kan aiko da zobban roba na gwaji a kwana da ɗaya, domin yatsa na kumbura da dare da lokacin zafi. Shi ya ce ai ya san yatsansa. Yanzu da sabulu ake cire masa.

Maƙwabcinsa mai neman fatawa ya tsaya a wani wurin daban, kuma tambayarsa na da tushe. Masu ƙera zoben sun fi son a sa shi a manuniya, malamai da yawa kuwa na ƙin namiji ya sa zobe a manuniya ko yatsan tsakiya saboda hadisin da ke cikin Sahih Muslim. Ga kuma mai ruwan zinariya da ke ɗaukar ido a hoto. Ya zagaya malamai ya dawo, alhali mafita na gabansa: zoben na aiki a yatsan da ke kusa da ƙarami, jikinsa taitaniyom ne, akwai baƙi akwai mai ruwan azurfa.

Sai malam lissafi, wanda ya gano cewa Oura Ring 4 na farawa daga dala 349, sannan duk wata a biya dala 5.99 kafin a ga cikakken bayani, wato sama da dala 200 cikin shekara uku. Ya ce shi ba zai yi hayar zoben da ya saya da kuɗinsa ba. Ya nufi Galaxy Ring mai dala 399 wanda ba a biyan wata-wata, sai aka ce masa ba ya aiki da iPhone, shi kuma ita ce a aljihunsa. Da ya tsaya kan RingConn ko Ultrahuman, waɗanda su ma ba su karɓar kuɗin wata, da an yaba masa. Ina! Ya gangara kasuwar intanet ya samo wani mara suna mai arha, wanda tallarsa ta ce har suga yana aunawa ba tare da an huda yatsa ba. Nan kam dariya ta tsaya. A Fabrairun 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi jama'a kada su dogara da agogo ko zoben da ke wannan iƙirari, domin ba ta amince da ko ɗaya ba, kuma mai ciwon suga da ya auna magani da lambar ƙarya yana wasa da ransa.

Ɗan ɗaga ƙarfe ya saya don motsa jiki, sati guda sandar ƙarfe ta kankare masa zoben, ta kuma matse masa yatsa. Mai gudu da safe ya gano ba shi da GPS, ba kuma inda zai kalla ya ga bugun zuciyarsa yana cikin gudu. Su biyun agogo ya kamata su saya.

Baba kuwa ɗansa ne ya aiko masa daga Ingila. Ya ɗauka irin zoben tasbihin nan ne na iQibla, ya yini yana laluben maɓallin da zai danna. Da aka yi masa bayani ya ce, "To, Allah ya yi albarka, amma ni barcina ai na san shi." An ce masa ruwa ba ya ɓata shi har zurfin mita 100, duk da haka yana cire shi in zai yi alwala ko zai ci tuwo, ya bar shi kusa da buta. Ɗan na can yana duba manhaja yana ganin kwana uku babu bugun zuciya, ya bugo waya a firgice.

Wadda zoben ya yi wa rana ba ta cika nuna shi ba. Ma'aikaciyar jinya ce mai aikin dare, agogo na damunta in ta kwanta, zoben kuwa yakan kai kusan mako kafin ya nemi caji. Ba ta damu da makin yau ba, na makonni take dubawa, a haka ta ga shayin da take sha kafin ta kwanta na jinkirta mata barci, ta kuma riƙa ganin yadda ɗumin jikinta ke sauyawa tare da al'adarta. Ita kaɗai ce ta tambayi mai shago yadda ake canja batir in ya tsufa. Ya ce mata ba a canjawa, a manne yake cikin zoben, in ya gaji sai dai a sayi sabo.