“A” Bai Samu Biza Ba

Akwai wani mutumina da muka tashi unguwa ɗaya a Kano, mataimakin darakta ne a wata ma'aikata kafin ya ajiye aiki. Shekara goma da aurensa, amma na rantse bai san inda ake ajiye ashana a gidansa ba. Idan ƙishirwa ta kama shi yana falo, ga firij can yana kallonsa, sai ya ƙwala wa yaro kira daga tsakar gida ya zo ya miƙo masa ruwa. Idan jariri ya tsala kuka da tsakar dare, gudummawarsa ita ce ya gyara kwanciya ya ce, “Wai ba za a rarrashi yaron nan ba ne?”

Mai karatu, lura da wannan “a” ɗin. A kansa duk mulkin magidancin Bahaushe ya tsaya. A kawo abinci. A kai yara makaranta. A tayar da janareta. A ce wa baƙon nan ba na nan. Tunda muke, babu wanda ya taɓa tsayawa ya tambayi ko wane ne “a”, ɗan wane gida ne, yaushe yake barci.

A watan Satumbar 2023 mutumin nawa ya sayar da fili da mota, ya kwashi matarsa da 'ya'ya biyu, ga na uku a ciki, ya nufi Mancesta ta ƙasar Ingila karatun digiri na biyu. Da ƙyar ya sha, domin daga ranar 1 ga Janairun 2024 gwamnatin Birtaniya ta hana yawancin ɗaliban waje zuwa da iyali. Maigida ya samu biza, uwargida ta samu, yara sun samu. Mutum ɗaya aka baro a filin jirgin Malam Aminu Kano yana ɗaga musu hannu, shi ne “a”. Mutum na biyu da aka rabu da shi a hanya kilishi ne, wanda jami'an kwastan na can suka karɓe, tunda doka ta hana shigo da nama daga irin ƙasashenmu. Har yau in ya tuna kilishin nan sai ya yi shiru na ɗan lokaci, kamar wanda aka yi wa rasuwa.

Ni kuwa Allah ya yi na je ganinsu a Disambar 2024. Kafin in tafi, abin da na sani game da rayuwarsu shi ne abin da duk dangi suka sani, wato hotunan WhatsApp. Ga Alhaji a gaban filin wasa na Old Trafford, hannu a aljihu. Ga yara cikin dusar ƙanƙara suna dariya. A ƙasan kowane hoto an rubuta “Alhamdulillah”. Daga baya na gano yadda aka ɗauki na ƙanƙarar: an fito a guje, an ƙyasta, an koma a guje, yarinyar ta yi kwana uku tana mura. Mancesta dai garin ruwan sama ne, irin yayyafin nan marar zuciya da ba ya tsayawa kuma ba ya zuba, sai dai ya bi ka yana tofa maka yawu.

Na ƙwanƙwasa ƙofa, aka buɗe. Wallahi sai da na ja da baya na sake duba lambar gidan. Mataimakin darakta ne tsaye, da zani ɗaure a ƙirji, jariri a baya, ludayi a hannu. Goyon ma ba na koyo ba ne, har da majanyi, an ɗaure shi tamau irin na matan da suka haifi bakwai.

“Shigo da sauri, malam, kana fitar mana da ɗumi,” in ji shi. Ko sannu da zuwa babu. A can ɗumi da kuɗi ake sayensa, mita na ƙirgawa. Mutumin da a Kano yake barin fanka da talabijin a kunne ya tafi Juma'a, shi ne yanzu yake bin yara ɗaki-ɗaki yana kashe fitila, yana wa'azi a kan almubazzaranci har da jawo aya.

Na tambayi uwargida, ya ce tana wurin aiki. Ita ke yin rana, shi yana yin dare, a gidan kula da tsofaffi. A bakin ƙofa suke haɗuwa, ta miƙa masa makulli ya miƙa mata jariri, kamar 'yan sanda masu canjin gadi. A gida kuwa abin da aka sani shi ne “yana harkar lafiya”, har wata gwaggonsa ta fara kiransa Dakta tana aiko masa da hoton ƙafarta da ta kumbura. Bai taɓa ƙaryata ta ba. Yakan ce ta rage gishiri.

A daren farko ya zaunar da ni, muka yi lissafin da bai taɓa yi ba a rayuwarsa. Ashe a Kano mutum goma sha ɗaya ne “a”. Akwai ƙanwar matarsa da ke zaune wurinsu. Akwai yarinyar da ke shara da wanke-wanke, da almajirin da ake aike, da mai wanki da guga, da mai gadi, da ɗan Adaidaita da ke kai yara makaranta, da malamin da ke zuwa biya musu karatu bayan La'asar, da mai ruwan kura. Akwai maƙwabciya da ake leƙa wa ta katanga a ce, “Ga yara nan, zan shiga kasuwa.” Akwai Hajiya, mahaifiyarsa, wadda kallo ɗaya za ta yi wa jariri ta ce haƙori ne. Na goma sha ɗaya ita ce uwargida kanta, wadda a da bai taɓa sa ta a lissafi ba, don a zatonsa ita “ba ta aiki”. Da ya zo nan sai muryarsa ta yi ƙasa. Ya ce, “Malam, ka taɓa yanke wa yaro ɗan wata takwas farce?” Na ce a'a. Ya girgiza kai irin na wanda ya je yaƙi yana magana da wanda bai je ba.

Shara kaɗai ta ishi mutum karatu. Kwanduna huɗu ne, kowanne da launinsa: na takarda da kwali daban, na kwalba da gwangwani daban, na ragowar abinci da ciyayi daban, na sauran tarkace daban, kuma kowanne da ranar fitarsa. Mai digiri biyu na gani da idona tsaye cikin yayyafi, da kwalin madara a hannu, yana tunani kamar alƙalin da aka kawo wa rabon gado. Alwala kuwa wata jarrabawa ce. Tsofaffin gidajensu famfo biyu gare su a wurin wanke hannu, ɗaya na tafasasshen ruwa, ɗaya na ƙanƙara, sai ka zaɓi irin azabar da ta fi maka sauƙi. Lokutan salla ma sun taru wuri ɗaya kamar ana korarsu: kafin ƙarfe huɗu na yamma an yi Magariba. Ya ce in bari sai watan Yuni, lokacin da rana ke kaiwa bayan tara na dare ba ta faɗi ba, ka ce wa yaro ya kwanta ya nuna maka taga.

Uwargida ma ta ga nata. Ranar da suka tare ta ce gidan yana warin Turawa, ta ɗauko kasko ta zuba turaren wuta na Maiduguri mai kyau. Ko minti biyu ba a yi ba ƙararrawar hayaƙi ta ɗau ihu, maƙwabta suka firfito, maigida ya hau kujera yana yi wa silin fifita da darduma. Da Sallah ta zo, ta zuba tuwo da miyar taushe a kwano mai kyau ta aika wa tsohuwar Baturiyar da ke kusa da su. Washegari kwano ya dawo a wanke, fayau, babu ko alawa a ciki, sai wani ɗan kati na godiya. Ta juya katin gaba da baya, ta leƙa cikin ambulan ko wani abu ya maƙale. Har yanzu ba ta yanke hukunci ba ko mutunci aka yi mata ko wulaƙanci.

Zancen asibiti kuwa kada ka tayar mata da shi. Yaro ya kwana da zazzaɓi, ka buga waya ƙarfe takwas na safe ka shiga layi, in an ga dama a ba ka lokaci, ka je likita ya duba shi cikin fara'a ya ce a ba shi farasitamol da ruwa mai yawa. Ruwa! Matar da ta saba in ba a yi wa yaro allura uku an rubuta magani kala biyar ba to likitan bai san aiki ba. Ga shi babu kemis ɗin da zai sayar maka da maganin kashe ƙwayoyin cuta don kawai ka nema, ko da kuwa ka ce masa kai ma ɗan'uwanka nas ne. Abin da ya fi ba ta haushi shi ne yaron yakan warke.

Jaririn a can aka haife shi. Babu kaka, babu wankan jego da ganyen darbejiya, babu kunun kanwa sai wanda Hajiya ta koya wa ɗanta damawa ta waya, tana faɗa tana salati. Ragon suna a Kano aka yanka, dangi suka soye suka cinye, aka turo wa masu jego hoton kai da ƙafa. Duk dangi “Bature” suke kiran yaron, wasu har sun fara yi masa kamun ƙafa. Babu wanda ya gaya musu cewa tun 1983 haihuwa a Birtaniya kaɗai ba ta sa yaro ya zama ɗan ƙasa, sai in ɗaya daga iyayensa ɗan ƙasa ne ko mai izinin zama na dindindin. Koren fasfo gare shi irin nawa da naka.

Amma inda abin ya fi ci wa mutumina rai shi ne manyan yaran. Shekara bakwai ya yi yana koya wa babban cewa yaro mai tarbiyya ba ya haɗa ido da babba. Aka je ganawar iyaye da malamai, malamar aji ta ce komai na yaron lafiya, sai dai abu ɗaya ke damunta, ba ya kallon mutane a ido, ko akwai matsala a gida? Yanzu an gyara. Yana kallon uban tsakiyar ido ya tambaye shi dalili. “Tashi ka kawo min takalmi.” “Don me?” A zamaninmu wannan tambaya ita ce kalma ta ƙarshe da yaro zai furta a tsaye.

Rannan haƙuri ya ƙare, uban ya ɗaga hannu sama. Yaron ko gezau, ya ce cikin ladabi an koya musu wata lamba a makaranta, 999. Hannun nan da ya tashi da niyyar mari sai ya zarce ya sosa ƙeya. A Sukotlan tun 2020 aka haramta dukan yaro kwata-kwata, Wales ta bi sahu a 2022. A Ingila da ɗan sauran sarari, amma mutumina ya ce shi da ke zaune da biza ba zai zama wanda za a gwada faɗin sararin a kansa ba. Hukuncin da ya rage masa shi ne ƙwace kwamfutar hannu, sai kuma babbar barazana: “Wallahi zan mayar da kai Kano!” Yaron da ya tuna Kano a matsayin garin da ake ba shi tsire, kaka na goya shi, babu mai sa shi kwanciya ƙarfe bakwai, sai ya ce yaushe za a tafi.

Hausar ƙaramar kuwa ta fara tsami. Ranar Lahadi aka kira Hajiya ta bidiyo, aka turo yarinya ta gaishe ta. Tana tsaye ƙiƙam, da Magariba, ta ce, “Hajiya, ina kwana, kai lafiya?” Hajiya ta yi shiru. Can ta ce, “Ba ni ubanki.” Ban ji abin da aka faɗa masa ba, na dai ga mataimakin darakta ya durƙusa a kan kafet, da waya a hannu da goyo a baya, yana ta “To Hajiya, in sha Allahu Hajiya, za a gyara.” Za a gyara. Ko a nan bai daina neman “a” ba.

Hajiya ta ce a kawo mata su bikin ƙanwarsa a watan Fabrairu. Ya rasa yadda zai yi mata bayanin cewa cire yaro daga makaranta lokacin karatu ba da izini ba tara ce, fam 80 kan kowane yaro, kuma uwa da uba kowa da tasa. Su kuwa dangi, tun da suka ji fam ɗaya ya kai wajen naira dubu biyu, kowa ya zama masanin lissafi. Ana ninka albashinsa da canjin ranar, a raba a zuci, a turo saƙo: “Yaya, ko fam ɗari ne, ai ku a wurinku ba komai ba ne.” Babu mai ninka kuɗin haya, da na gas, da harajin ƙaramar hukuma. Ni dai ban ga laifinsu sosai ba. Wanda ya ɗora hoton Old Trafford ya rubuta Alhamdulillah, ai shi ya buɗe ofishin karɓar koke.

Ranar da zan taho ya rako ni tashar bas yana tura keken jariri. Na ce, to malam, yaushe za a dawo gida? Ya ce sai yara sun ɗan tasa. Haka duk suke cewa. Na san wanda ya faɗi haka a Landan tun ina saurayi, yanzu jikokinsa yake jira su tasa.

Na dawo Kano da kwana biyu, ina kishingiɗe a falo, na ji bakina ya ce, “A kawo min ruwa.” Sai na tsinci kaina ina leƙen ƙofa in ga wanda zai shigo. 'Yar ƙanwar matata ce, shekara uku tana gidana, ranar na san ajin da take.

Sai roƙo. Duk wanda Allah ya nufa da tafiya Mancesta cikin watan nan, don Allah ya neme ni, akwai saƙon da zan bayar: ƙullin kuka, da daddawa, da busasshiyar kuɓewa, da majanyi guda biyu masu ɗan faɗi, don na wurinsa ya yi masa kaɗan a ƙirji. Kilishi kuwa kada a saka.