Zuwa Ga Hajiya Mizajur, Mai Shiga Gida Ba Sallama

Ranki ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kina lafiya, kamar yadda muke nan lafiya mu da kwamfutocin da ba ki kai gare su ba tukuna. Na rubuto miki ne da yawun masu buga takardu na bakin titi, da daraktocin lakkol, da magatakardan ƙungiyoyin manoman aya da gero, da ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo masu zuwa hutu gida da rubutun kammala karatunsu a jaka. Duk wanda ke cin abinci da kwamfuta a kan babbar hanyar nan, daga Gidan Rumji a bi ta Cadawa da Agiye har Gazawa, ya ce in isar miki da gaisuwarsa, kuma in haɗa da kukansa.

Kukan na farko a kan ɗabi'a ne. A ƙasar nan ko almajiri sai ya yi sallama kafin ya tsallaka zaure. Ke kuwa, mai sabunta umarnin na'ura, sai mutum ya zauna yana tsakiyar aiki, jerin sunayen ƴan jarrabawa a gabansa, mai takarda yana tsaye a kansa, sai kawai ki ɓullo da ɗan rubutu a allo cewa kada a kashe na'ura. Fanka ta ɗauki gurnani, allo ya yi baƙi, ya dawo, ya sake yin baƙi. Idan Allah ya taimaka aka farfaɗo, sai a tarar da wata kwamfuta daban. Kibiyar linzami ta sandare a tsakiyar allo, a danna nan a danna can shiru, sai an danne maɓallin kashewa da ƙarfi. Idan kuma ranar ba ta mutum ba ce, sai na'urar ta buɗe baki ta ce ba ta ga faifan ajiyarta ba. Faifan da suka kwana tare jiya, suka tashi tare yau!

Mun san ke ba ƙaramar baƙuwa ba ce. Ƙannenki masu sabunta WhatsApp da Chrome iyakarsu tsakar gida, in sun yi ɓarna a goge su a sake sa wasu. Ke har ƙuryar ɗaka kike shiga, wurin ƴar ƙwayar nan da ke manne a babban allon na'ura, inda BIOS yake kwance. Shi ne mai fara farkawa idan an kunna kwamfuta, ya duba ƙwaƙwalwa, ya nemo faifai, sannan ya miƙa wa Windows ragama. Shi kansa faifan SSD yana da nasa ɗan umarnin a ciki, wanda ke lissafin inda kowace takarda take, kuma can ma kina leƙawa. Aikinki shi ne ki goge tsohon umarni ki rubuta sabo. Tsakanin gogewa da rubutawa akwai ƴan mintoci da na'ura ba ta da na da, ba ta da na yanzu. Wuta ta ɗauke a daidai wannan gaɓar, shi ke nan, an samu abin danne takardu kada iska ta kwashe.

A nan ne nake son in yi miki bayanin ƙasar da kike zuwa, domin da alama iyayen gidanki ba su ba ki labari ba. Su a tunaninsu kowa yana da kuran da ba ya ƙiftawa, da batir mai lafiya, da intanet da ba a ƙirga shi da mega, da ofishin kamfani a bayan layi. To, wutar Maraɗi da Damagaram yawancinta daga Najeriya take shigowa, ta babban layin da ya taso daga Katsina ya sauka a Gazawa, daga nan ya rabu gabas da yamma. A watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a nan Nijar, Najeriya ta yanke wutar saboda takunkumin CEDEAO, kuma ba a ɗage takunkumin ba sai a watan Fabrairun 2024. Mutanen Gazawa suna kallon turakun ƙarfe a gonakinsu, suna cajin waya da hasken rana. Wannan ita ce ƙasar da kike cewa kada a kashe na'ura, kamar kashewar a hannunmu take. Kwamfutocin kuma yawanci ƴan gwanjo ne, sun gama bauta wa wani ofis a Turai ko Amurka, sun biyo ta Kwatano ko Kano sun iso mana da tsufansu. Batir ɗin wasunsu ba ya iya riƙe su daga tebur zuwa ƙofa.

Kuka na biyu a kan taɓe-taɓenki ne. Ko da kin gama aikinki lafiya, wani lokaci sai ki maida saitin BIOS yadda ya fito daga masana'anta. Faifan da Windows ta saba magana da shi ta hanyar AHCI sai ki juya shi zuwa RAID, ko ki yi akasin haka. Windows ta tashi ta nemi faifai ta hanyar da ta sani, ba ta same shi ba, ta yi shuɗin allo ta koma barci. Wani lokaci jerin abin da za a fara tadawa kike hargitsawa, na'ura ta tafi neman Windows a cikin wayar intanet. Wani lokaci kuma sabuwar dabarar tsimin batir kike koya wa faifai, ya riƙa yin gyangyaɗi da zarar an bar shi daƙiƙa kaɗan, in an taɓa shi ya ƙi farkawa, komai ya tsaya cak.

Mafi ban haushi shi ne maganar BitLocker. Shi mai gadi ne, ya kulle faifai don kada ɓarawo ya karanta. Da kin sauya BIOS sai ya ga gidan ya canza masa, ya ce ba zai buɗe ba sai an kawo lambobi 48. Ina lambobin? Suna cikin asusun Microsoft na wanda ya fara shirya na'urar. Idan yaron shagon da ya sayar da ita ne ya buɗe asusun da adireshin da shi ma ya manta, to takardun suna nan lafiya lau, babu abin da ya same su, sai dai har abada mai su ba zai sake ganinsu ba.

Daga nan sai a naɗe na'ura a zane, a hau mota zuwa Maraɗi. Mai gyara ya kunna, ya kashe, ya girgiza kai, ya faɗi maganar da ta fi kowace tada hankali a wannan sana'a: "Sai an yi forma." Ma'ana a share komai a sake zuba Windows. Kwamfuta za ta tashi tsaf, amma lissafin buhunan ayar ƙungiya, da sunayen waɗanda suka ci bashin taki, da babi huɗu na rubutun ɗalibi, duk sun tafi. Gwanayen masu gyara, Allah ya ƙara mana irinsu, ba sa farawa da nan. Sukan shiga BIOS da F2 ko F10 su duba ko sunan faifan yana nan. In yana nan, su gwada maida shi hanyar da yake a da, su gyara jerin tadawa. In ba ya nan, su cire caja da batir, su danne maɓallin kunnawa wutar da ta maƙale ta fita, su zare faifan su maida shi da kyau. Kafin kowane gwaji mai haɗari sukan sa faifan a ɗan akwatin USB su kwashe takardun zuwa wata na'ura, su karanta rahoton lafiyarsa na SMART, sannan su nemi direbobin da suka dace da sabon BIOS ɗin, su hana faifan gyangyaɗin nan. Sau da yawa aikin rabin sa'a ne. Amma Hajiya, me ya sa za ki ɗora wa talaka kuɗin mota da na gyara don ya warware ƙullin da ke kika ƙulla?

Kada ki ce ƙauyanci ne ya sa muke zarginki, labarinki ya riga ki zuwa. A watan Janairun 2009 faifan Seagate samfurin Barracuda 7200.11 ya riƙa ɓacewa daga idon BIOS saboda kuskuren umarnin cikinsa. Aka aiko ki ki gyara, sai kika kwantar da wasu masu gigabait 500 da suke aiki, dole kamfanin ya janye ki ya sake shiri. A watan Oktoban 2024 Windows 11 ta fito da sabon zubinta na 24H2, masu faifan Western Digital SN770 da SN580 suka wayi gari da shuɗin allo, saboda saɓani a kan yawan ƙwaƙwalwar da faifan ke arowa daga kwamfuta. Ƴar ɗakinku ta gidan CrowdStrike kuwa ta fi kowa suna. Ranar 19 ga Yulin 2024 ta durƙusar da na'urori kimanin miliyan 8.5 bisa ƙiyasin Microsoft, jirage suka kasa tashi, bankuna da asibitoci suka koma biro da takarda. A wannan rana duniya ta ɗanɗani abin da mai buga takardu na Agiye ya daɗe yana sha shi kaɗai.

Gaskiya dai ɗaya ce, ba za mu ce ki daina zuwa ba. A watan Nuwamban 2019 kamfanin HPE ya yi shelar cewa wasu faifansa na SSD za su mutu murus da zarar sun cika awa 32,768 suna aiki, wato shekara 3 da kwana 270 da awa 8, kuma ba faifan ba abin da ke cikinsa. Maganin kawai shi ne a karɓe ki kafin wa'adin. A 2023 ma ke kika tare cutar da ke sa faifan Samsung 980 Pro ya daina karɓar rubutu. Ƙofofin da ɓarayin intanet ke bi ta BIOS ke kike toshe su. Sannan ba kowace sandarewa ce taki ba. Ƙurar hunturu tana toshe fanka, zafin Afrilu da Mayu yana haura digiri 40, ga tsohon faifai mai juyawa da ya sha jijjiga a bayan kabu-kabu. Wani faifan dama yana kan gargara, zuwanki ne kawai ya zo daidai da ajalinsa, tsautsayi ya sa ke ce ta ƙarshe da aka gani a ɗakin.

Saboda haka ga sharuɗɗan zaman lafiya, mun tattauna mun amince.

Na ɗaya, ki yi sallama, ki jira a amsa. Ki faɗi abin da kika zo gyarawa da harshen da mutum zai gane, in ya ce gobe, to gobe.

Na biyu, ki duba batir da idon basira. Wanda ya nuna a cike yake alhali minti biyar ba zai yi ba, kada ki yarda da shi.

Na uku, saitin da kika tarar ki bar shi yadda yake. In kin ga BitLocker a bakin ƙofa, ki gaya masa ya ɗan dakata, kuma ki tuna wa mai gida ya rubuta lambobinsa 48 a takarda kafin ki taɓa komai.

Na huɗu, kuma shi ne babba, ki zo Ɗan Saga a nan gundumar Agiye ki ga yadda ake sassabe. Tun shekarun 1980 manoman jihar Maraɗi suka daina tumɓuke kututture idan suna sharar gona. Sukan zaɓi ƴan rassa masu ƙarfi su bari, su datse saura, saiwa tana nan a ƙasa da ranta, ko an yi kuskuren sara itace zai sake tohowa. Da haka gonakin da suka zama fili suka koma cike da itatuwa, har baƙi ke zuwa daga ƙasashen waje su koya. Ke ma ki riƙa barin kututture. Ki ajiye tsohon BIOS a gefe har sai sabon ya tsaya da ƙafarsa, kuma ki bar wa mutum hanyar komawa. Akwai na'urorin da ke da wannan tsari, amma wasu iyayen gidan naki da gangan suke toshe hanyar baya. Ki gaya musu mun gani.

Mu ma mun ɗauki namu alkawarin. Duk takardar da asararta za ta hana mu barci za mu ajiye ta wuri biyu ko uku: ɗaya a kwamfuta, ɗaya a kilen USB, ɗaya a waya ko a imel. Ba za mu karɓe ki ana jibi jarrabawa ba, ko ranar rabon kuɗin ƙungiya, ko lokacin da hadari ya haɗu a gabas. Ba za mu ɗauko ki daga hannun kowa ba sai shafin kamfanin da ya ƙera na'urar, kuma sai mun tabbatar lambar samfurin ta yi daidai. Duk mai gyaran da ya ce sai forma, za mu ce masa ya fara kwashe mana kayanmu.

A gaida mutanen gida, a gaida injiniyoyi da kwandishan ɗinsu. In kin ga dama ki ba da amsa, ki aiko ta hannun direban motar Tasawa, kada ki zo da kanki.

Naki mai biyayya bisa dole,
Wani mai buga takardu, bakin tasha, Agiye.

Ƙarin bayani: wannan wasiƙa da biro na rubuta ta, na yi mata hoto uku, ɗaya tana wurin ƙanena a Tibiri. Sai ki san yadda za ki yi da ita.