Yadda Ake Cika Adaka da Ɗan Kokowa Guda

A watan Agustan 2022 wani ya ƙirga dalar Amurka miliyan 12.6 ya sayi ɗan kati guda da bai cika tafin hannu ba. Hoton Mickey Mantle ne a jiki, gwanin besbol, wasan nan da ake make ƙwallo da kulki, kamfanin Topps kuwa ya buga shi tun 1952. A watan dai aka sayar da na Honus Wagner, wanda aka fara cusawa cikin kwalin taba a 1909, kan miliyan 7.25. Cikin masu tara irin waɗannan katuna akwai wasu da suka ɗaure wa kansu sharaɗi: ɗan wasa guda za su bi, duk abin da ke ɗauke da fuskarsa su nemo shi.

Badamagare mai wannan sha'awa ba ya bukatar koyon besbol. Yana da kokowa, yana da gasar Takobi da aka fara a Tawa a 1975 zamanin Seyni Kountché, inda Yakuba Ango Kantu na Maraɗi ya fara ɗaukar takobin. Abin da ba shi da shi shi ne kantin da zai shiga ya sayo katunan. Saboda haka aikinsa ya fi na Ba'amurke wuya, ya kuma fi shi amfani, don abin da ya tara wataƙila shi kaɗai ne zai rage.

Sai ya fara da zaɓen gwani, kuma a nan ake gane mai gaskiya. Jihohi takwas ke turo ƴan kokowa goma-goma kowace gasa, tamanin ke nan, ga kuma na shekarun baya. Mai neman sauƙi zai ɗauki Isaka Isaka na Doso, wanda ya ci takobi har sau shida, hotonsa kuwa yana cikin wayar kowane yaro. Ba laifi, amma ya shirya amsa tambayoyin ƴan fadarsu a Zango kowane dare, kuma kada ya yi mamaki in kofin shayi na farko ya riƙa tsallake shi. Mai son zaman lafiya da maƙwabta yana da Tasi'u Sani, wanda ya riƙe takobin a gida a 2018. Mai dogon numfashi kuwa sai ya ɗauki Langa-Langa, wanda fagen kokowar Damagaram ke ɗauke da sunansa. Duk wanda aka zaɓa, an zaɓa ke nan. Wanda ke sauya gwani duk lokacin da aka yi kaye, ɗan kallo ne, ya bar adaka ga masu ita.

Daga nan sai yawo. Wanda ya ɗauki gwanin da ya yi tashe kafin zuwan wayar hannu ya san cewa kayansa suna warwatse a wurare uku ko huɗu. Akwai tsoffin bugun jaridun Le Sahel da Sahel Dimanche, waɗanda kan cika da labarin gasar a lokacinta. Akwai tsoffin masu ɗaukar hoto na unguwannin Birni da Zango, da ambulan ɗin da suka manta a ƙasan durowa. Akwai kalandun da ke manne a shagon tela ko wanzami, shekararsu ta wuce tuni amma fuskar ta hana a cire su. Akwai kuma kaset-kaset na makaɗan kokowa irin su Sagalo, da waɗanda wasu dattawa suka naɗa da hannunsu daga rediyon Muryar Sahel ana tsakiyar karawa, har da ihun matan gida a ciki. Wannan na ƙarshe ya fi kowanne daraja, kuma mai shi ba ya bayarwa a ziyarar farko. Sai an gaishe shi, an kai goro, an saurari labarin karawar daga farko har ƙarshe, an dawo mako mai zuwa an sake saurara kamar ba a taɓa ji ba.

A Kasuwar Dole kuwa akwai doka guda: kada ido ya yi ƙyalli. Mai tsoffin takardu yana karanta fuska fiye da yadda yake karanta jaridun da ke gabansa. Da ya ga hannu na rawa, abin dala ashirin ya koma jika biyu. Mai wayo yakan taya littafin lissafi na firamare tukuna, ya yi ciniki a kansa har gumi, sannan a kan hanyar tafiya ya ce a ɗora masa wancan tsohon hoton gyara.

A Amurka akwai kamfanonin da ke duba kati su ba shi maki daga 1 zuwa 10, su rufe shi cikin roba. A Damagaram masu ba da makin suna zaune a inuwa bayan la'asar. Sai a miƙa hoton ga dattawa uku, kowa daban. In biyu sun ce shi ne, na ukun ya rantse ƙanensa ne, hoton na ƙwarai ne, an kuma samu ƙarin labari. In dukansu sun yi shiru suna juya shi, to an sayi hoton wani ɗan Maraɗi, sai a nemi mai tara na Kantu a yi musaya cikin mutunci.

Abin da aka ji a wannan zama shi ne rabin dukiyar, kuma a nan ne mafi yawan masu tari ke sakaci. A juya bayan hoton a rubuta da fensir: wane ne, da wa ya kara, a wane gari, a wace shekara, wa ya faɗa. Da fensir, domin biro yana ratsa takarda ya ɓata fuska. Gasar tana zagaya manyan biranen jihohi, don haka sunan gari kan taimaka a gano shekarar in an bi sawu. Mutanen da suka ga waɗannan karawa da idonsu suna raguwa kowace damina, hoton da ba a rubuta masa komai ba kuwa nan da shekara ashirin zai zama hoton wani ƙato mai layu kawai.

Kuma a tara har da ranakun kaye. Masoyi yakan so ya ɓoye hoton da gwaninsa ke ƙasa, ƙura a baya. Kuskure ne. Kokowa mutum biyu ke yin ta, kuma wanda bai ga faɗuwar gwani ba ba zai gane abin da ya sa gari ya fita tarbarsa ranar da ya dawo da nasara ba.

Akwai iyaka. Laya da guru da kambu ba kayan tari ba ne, kada ma a tambaya. In wani ya zo da dare yana raɗa cewa ga ainihin layar Langa-Langa, a ba shi ruwa ya sha, a raka shi ƙofa. Walki ko rigar gasa kuwa hakkin iyali ne. In sun bayar da hannunsu, a karɓa da hannu biyu. In sun hana, a nemi izinin ɗaukar hoto, a wanke biyu a kai musu ɗaya.

Saura abokan gaba: gara, ɗanshin damina, ƙurar hunturu, da yaran gida masu neman takardar ƙunsa ƙosai. Adakar ƙarfe ce maganinsu, a ɗora ta kan bulo nesa da bango, kowane hoto cikin ambulan ɗinsa, makulli a aljihu. Kaset kuma zafin bazara yana cinye shi a hankali, gara a kai wa masu tura waƙoƙi su juye shi cikin katin memori, a ajiye kwafi biyu a gidaje biyu. Uwargida a sanar da ita tun wuri abin da ke cikin adakar da abin da aka kashe a kansa, a faɗi gaskiyar kuɗin, domin mai tsoffin takardun nan na Kasuwar Dole ɗan unguwarsu ne, kuma ranar suna ko biki zai ba da labarin cinikin da kansa.